Hannun Sadiq ya kai sakata

Jama'a, yau ɗan shekara biyu ya kulle ni a banɗaki!

Na ɗora ruwan zafi a gas, na shiga in watsa ruwa. Sai na ji ƙaras! Sadiq ɗana ya tura sakatar waje. Sakatar da ko watan jiya hannunsa ba ya kaiwa!

Na ce, "Sadiq, buɗe wa Mama." Ya ce, "A'a," yana dariya. Sai na ji takunsa ya nufi kicin. Innalillahi! Babansa yana Abuja, wayata tana kan gado. Na bangaji ƙofa har kafaɗata ta yi tsami, ko motsi.

Na koma taga ina ƙwala wa maƙwabciyata kira, "Maman Blessing! Yaro da wuta!"

Allah ya sa falo a buɗe yake. Ta tarar da shi ya yi ɗage, yatsunsa suna taɓa hannun tukunya. Ta sure shi, ta kashe gas, sannan ta buɗe mini.

Ta kalle ni ta ce, "Ba ke ce jiya kike min kuka wai yaron nan ba ya girma ba?"