Gonar Baba ta Cikin Waya

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu na bayan Bena, Baba ya dawo wurina Rikoto da zama. Mutumin da ya yi golmo, ya yi shekara da shekaru yana yi wa surukinsa noma kafin a ba shi mahaifiyarmu, sai ga shi zaune a ƙofar shagon ɗinkina daga safe har yamma.

Wata mai kawo mini ɗinki ce ta ja mini. Ta ga zaman ya yi masa yawa, ta sa masa wasan noma a wayata, ta nuna masa inda ake taɓawa. Shi ke nan, na shiga uku.

Waya ta zama tasa. Masu ɗinki su kira, ya katse, wai yana girbi. Tuwo ya huce, wai kajinsa ba su ci ba tukuna. Yana yi kuma yana mita: wace irin masara ce ke nuna kafin mutum ya sha ruwa, ba ciyawa ba tsutsa? Na ce to, tunda ƙarya ce a bar ta mana. Kamar da bango nake magana.

Na kai wuya ranar da wata amarya ta kwashe atamfofinta ta kai wani shago, don ta yi ta kira ba a ɗauka. Amma ba ɗinkin ya fi ci mini rai ba. Hannun nan ne mai kanta kamar bayan kunkuru, yana shafa gilashi. Ina ji ina gani ubana yana lalacewa a kan benci.

Na roƙi maƙwabcinmu aron fili a bayan gida, na sayo fartanya sabuwa fil, na ajiye a gabansa.

"Baba, ga ƙasa ta gaske, ga damina ta kama. Don Allah ku bar wannan shirme."

Ya ɗauki fartanyar, ya gwada bakinta da yatsa, ya jinjina ta. Har na fara murna. Sai ya jingine ta da bango.

"Ɗiyata, dawar da na baro har ta fid da kai. Ban san wanda ya ci ta ba. Wagga ta cikin waya ko, ba mai zuwa ya ce in tashi."

Ciyawa ce ta cinye filin maƙwabci. Har gobe ban yarda wasan nan yana da wani amfani ba, kuma har gobe ni ke sa masa caji kafin ya farka.