Kifin da ke Rataye a Falon Oddvar

Oddvar, masunci a tsibirin Røst, bai taɓa fita teku ba sai da izinin wani busasshen kifi. Kifin teku ne da ake kira kod, sarkinsu, irin mai ƙullutu a goshi, wanda ake busarwa a rataye da zare a falo. Inda ya juya hanci, a cewar Oddvar, can iska mai kyau take, can kuma kifi ya taru. Ya gaje shi wurin ubansa, haɗe da jirgi da taurin kai.

Ladabin da yake yi wa kifin nan ko fasto bai samu rabinsa ba. Ba a soya albasa a gabansa. Baƙon da ya yi masa dariya kuwa, shi da kofi na biyu har abada.

"Tsoho, ka aure shi mana, ni in huta," in ji matarsa Gunvor.

"Shi dai ya san teku. Ke tukunya kika sani."

Da ruwan teku ya fara ɗumi, iskar kudu ta zauna daram, kod ɗin da ke gangarowa zuba ƙwai suka riƙa tsayawa can arewa. Maƙwabta na dawowa hannu wofi. Kifin falo ya kafe hanci arewa, Oddvar ya bi, ya cika jirgi, ya ishi gari da baki.

Sai Gunvor ta rasu, kifi ya daina juyawa. Lokacin kamu na wucewa, katakon shanya kifi ba ko wutsiya, Oddvar ya ƙi fita. Ya sauya zare. Ya yi lallashi, ya yi zagi. Har birnin Bodø ya kai shi wurin mai gyaran agogo, naɗe a bargo.

'Yarsa Ragnhild ta gaji.

"Baba, Mama ce fa. Kullum da asuba sai ta saurari labarin iska a rediyo, ta buga wa ƙawayenta na arewa waya ta ji inda kifi yake, sannan ta zunguri kifin da tsintsiya."

Kunya ta kama Oddvar, kewa kuma ta fi kunyar.

Washegari ya kunna rediyo, ya ɗauko tsintsiya, ya juya hancin kifin arewa da kansa. Sannan ya cire hula.

"To, na ji, Gunvor," ya ce, ya nufi jirgi.