Itace Ɗaya a Hammata: Ban Kwana da Baba Vendel

Ranar Talata, biyar ga watan Nuwamba na 2024, da hantsi, ƙararrawar cocin Berkenyés ta buga sau uku ta tsaya, irin bugun da ake yi idan namiji ya rasu. Muna cikin lambatun bakin titi muna kwashe ganye. Rozi, abokiyar aikina, ta jingine manjagararta ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa, domin duk mun san wanda aka kai asibiti ranar Juma'a da ciwon ƙirji. Baba Vendel Harsányi, shugaban ayarinmu na aikin gwamnati, ya cika yana da shekara sittin da uku. Mai rai ya karɓi abinsa, mu ma kowa yana jiran ranarsa.

Baba, da kana nan da ka ce in taƙaita, domin kullum ƙorafinka a kaina shi ne ba na sanin inda zance ke ƙarewa. Yau sai ka yi haƙuri, ba ka da bakin tsayar da ni.

Shekara tara ke nan da ƙwallo ta kawo ni ƙasar nan, gwiwa ta ajiye ni, aure ya zaunar da ni a ƙauyenku. Ranar da na fara zuwa aikin nan da gwamnati ke ba marasa aiki, kai ka miƙo min riga ruwan lemo da tsintsiya. Ka dube ni sama da ƙasa, ka ce tun da na shigo bakina bai rufu ba, saboda haka daga yau ni ne mai magana da yawun gwamnati. Na ɗauka zolaya ce ta rana ɗaya. Ashe kai majalisar ministoci gare ka sukutum, mu tara masu shara da yankan ciyawa, kuma duk lokacin da aka rantsar da sabuwar gwamnati a Budapest, babban birnin ƙasar, kai ma sai ka tara mu a rumfar kayan aiki ka yi naka garambawul.

Ottó ka naɗa ministan tsaro, saboda shi ke riƙe da makullin rumfa kuma a bakin ƙofarta yake barcin rana. A shekarun da manya suka cusa lafiya da ilimi da wasanni da al'adu a ƙarƙashin minista guda, kai ma ka tattara su ka jibga wa Rozi, ka ce ita ce mai filasta a aljihu, ita ke raba faɗan yara, ita ke waƙa idan tana shara, me ya rage? Idan wasiƙar neman ra'ayin jama'a ta zo daga birni, irin wadda ake aika wa kowane gida, washegari sai ka zo da taka: mun yarda a yanke ciyawar maƙabarta yau, ko mun fi son macizai su tare da kakanninmu? Mu ɗaga hannu, ka ce jama'a sun yi magana. A ayarinmu akwai masu ƙaunar gwamnati kamar uwarsu, akwai masu tofar da yawu idan an ambace ta, amma duk a kasko ɗaya muke cin soyayyen tattasai da tumatirin da kake yi mana ranar Juma'a, kuma nawa kake fara kwashewa kafin ka zuba naman alade. Har ka koma ga Allah ba wanda ya san wa kake jefa wa ƙuri'a. Inna Terka, matarka ta shekara arba'in, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Na ba ka wahala, Baba. Ni na cika maka takalmin roba da gyaɗar kurmi, ni na ɗaure kekenka a jikin keken limamin coci har kuka tsaya kuna jan juna a gaban kanti. Duk ka shanye. Sau ɗaya tak na ga fuskarka ba dariya, kuma labarin da nake so mutane su sani ke nan.

A hunturun da kuɗin gas ya tashi, gwamnati ta aiko wa ƙananan ƙauyuka itacen hura wuta kamar yadda ta saba, a raba wa mabuƙata. Sai dai mutum ya cike takarda, wakilan ƙauye su zauna su duba. Malama Jolán, tsohuwar malamar firamare mai shekara tamanin da biyu a lokacin, ita kaɗai a gidanta a ƙarshen layin coci, ta ƙi cikewa. Duk wakilan nan, har shugaban ƙauye, ita ta koya musu riƙe fensir, wasunsu ta ja musu kunne. Ba za ta bari su zauna suna tauna sunanta a jerin matalauta ba. Kai ka lura hayaƙin gidanta ya koma fita sau ɗaya a rana, ka kuma lura katakon dangarta yana raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ka shirya da Ottó a hankali, ba tare da kowa ya ji ba, za ku tsakuro daga naku rabon ku ajiye mata ta bayan lambu, a ce reshen da iska ta karya ne.

Ni na ɓata. A lokacin ni ake ba lasifikar ƙauye idan za a sanar da zuwan mai sayar da 'yan tsaki ko ɓatan kare. Ranar na gama sanarwar, bakina ya ƙi tsayawa, na gyara murya irin ta gidan rediyo na ce gwamnatin Baba Vendel na farin cikin sanar da mai girma Malama Jolán cewa itacenta na kan hanya, ta buɗe ƙofa. A zatona dariya za a yi. Kowane gida ya ji. Da Ottó ya isa da baro, ta fito da sandarta, ta riƙa ɗaukar itacen ɗaya-ɗaya tana jefowa titi har baron ya koma wayam, sannan ta sa wa ƙofar dangarta kwaɗo. A watan Janairu ne, ruwa na daskarewa a bokiti. Kwana huɗu ba a ga hayaƙi a rufinta ba sai da safe, shi ma siriri.

Ba ka zage ni ba, da ma ka zage ni. Ka ce kawai: “Sadi, matar nan za ta gwammace a same ta a sandare da a ce ta karɓi sadaka. Idan hakan ta faru, da muryarka aka kashe ta.” Kwana huɗun nan ban ci abincin kirki ba.

A rana ta biyar ka kira zaman majalisa na gaggawa. Ka ce a Budapest yanzu makarantu suna hannun ministan da ke kula da 'yan sanda, to mu ma muna buƙatar ministar ilimi wadda malama ce kuma 'yar sanda ce, a faɗin ƙauyen nan kuwa mutum ɗaya ce haka. Ka wanke fuska, ka sa hular zuwa coci, ka tasa ni gaba har ƙofarta. Ta taga ta leƙo. Ba ka ambaci itace ba, ba ka ambaci sanyi ba. Ƙara ka kai mata. Ka ce ayarinka ya cika da jahilai, Ottó ba ya iya karanta takardar maganin ƙwari, kai kanka abin da ta zuba maka a ka duk ya yoye, ga kuma wannan mai bakin, wanda bai san kowace makaranta ba sai ta allo, har yau daga dama yake fara rubutu.

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta ce, “Wannan ne jakin lasifika?”

“Shi ne, Malama. A gyara mana shi, ko a yanka.”

Ta ce ranar Litinin ƙarfe biyu, wanda ya makara kada ya shigo. Muna juyawa ka yi kamar yanzu abin ya faɗo maka, ka tambaye ta ko har yanzu tsohuwar dokar tana nan, ta lokacin kuna yara, da kowane ɗalibi ke zuwa makaranta da itace ɗaya a hammata domin murhun aji. Ta ɗaga kai ta ce ita ba ta taɓa soke dokar ba, lalacewar zamani ce ta sa aka bari.

Haka aka yi. Ranar Litinin mu tara muka jeru a layin coci, manya da gemu da furfura, kowa da itace a hammata, mutane na leƙe ta taga suna dariya, mu ake yi wa, ba ita ba. Abin da kake nema ke nan. Kai naka itacen kullum sai ka zaɓo wanda ya kusa kai cinyar bijimi, idan ta harare ka ka ce hammatarka ce babba. Ottó kuwa ya gano cewa wanda ya yi kuskure ana tura shi kusa da murhu ya maimaita, sai ya daina gane komai. Ni ta fi matsa wa. Ta buge min yatsu da rula ya fi a ƙirga, ta ce bakin da ya iya lasifika dole hannunsa ya iya alƙalami. Kafin ƙanƙara ta narke na karanta mata shafi guda ba tuntuɓe, ta ba ni tuffa ɗaya. Gidanta bai ƙara yin sanyi ba, a wannan hunturun da na bayansa, kuma ba ta taɓa sa hannu a takardar kowa ba.

Da muka binne ka ranar Asabar, abin da ke cin kowa a rai ke nan, ko da ba wanda ya furta. Sanyi ya kawo kai, itacen bana bai iso ba, kuma kai kaɗai ka san yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar nan. Malama ta zo maƙabarta cikin baƙaƙen kaya, ta jefa ƙasarta, ta juya ta tafi gida. Rozi ta ce shi ke nan, makaranta ta tashi.

Duk da haka ranar Litinin ƙarfe biyu saura kaɗan muka ɗauki itace muka tafi, mu takwas. A hanya muka ga Inna Terka ta fito da nata a hammata. Sai mai kanti, sai limamin coci, sai shugaban ƙauye da kansa yana tafe yana sunkuyar da kai kamar wanda bai yi aikin gida ba. Muka tsaya a bakin ƙofar danga, kwaɗo na rataye. Ƙarfe biyu daidai ta fito da sandarta, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a shekara arba'in da ta yi tana koyarwa ba ta taɓa samun yaro mai kai irin Vendel ba, kuma hunturu biyu ya yi yana zaune a gabanta yana ƙaryar daƙiƙanci, abin da ya fi karatun wuya. Sannan ta buɗe kwaɗon.

“Ku shigo, kuna sa min sanyi. Kai jakin lasifika, koma ka ɗauko ɗaya. Rashin zuwansa bai ɗauke masa itacensa ba.”

Na koma da gudu, Baba, da gurguwar gwiwata, na zaɓo mafi kauri a rumfa.

Rahama ta Allah ce, shi ya san inda yake ajiye ta. Ni dai shaida nake bayarwa a kan abin da idona ya gani: ka suturta tsohuwa ba ka taɓa mutuncinta ba, ka gyara ɓarnar wawa ba ka kore shi ba. Ina roƙon Mai duka ya dubi wannan, ya yi maka da sauƙi kamar yadda ka yi wa bayinsa. Ƙasar Berkenyés ta yi maka sauƙi a ka.

Inna Terka, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya, ya sa ki ga alheri a 'ya'yanki Bence da Orsolya da jikokinki uku. Malama Jolán, sannu da rashin ɗalibi. 'Yan majalisa, Allah ya ba mu dangana, ya sa mu iya riƙe abin da ya bar mana.

Sadisu Ɗanjuma,
Berkenyés.