Tsuntsun da Muka Tono a Rijiyar Dungas

Na manta rijiyoyi da yawa cikin waɗanda na haƙa, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka tono tsuntsu a wani ƙauye kudu da Dungas ba. Shekarun ƙarshe ne na mulkin Nasara, da bazara. Ni ne shef, wato shugaban masu haƙa, kuma a samana akwai wani Bafaranshe daga sarwis, wato ma'aikatar ruwa ta Magariya, wanda muke kira Mushe kawai, kamar a ce Malam da Faransanci. Ku yaran yanzu injin ke yi muku. Mu kuwa mutum guda ke sauka da igiya yana sara, na sama suna jan ƙasa da guga, a riƙa zura zoben siminti don kada bango ya rufta.

Mun yi nisa cikin dutse sai wani falale ya tsage gida biyu. A jikinsa ga ƙasusuwan tsuntsu, bai kai ɗan tsako ba, fukafukai a buɗe, 'yan ƙafafu kamar tsinke. Na ɗauka abin sha'awa ne, na nuna wa mutane. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa asiri ne wani maƙiyi ya binne.

Maigari ya zo da kansa. "Shef, a cike ramin nan. Ba mai shan ruwan da aka binne wa tsuntsu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don matan garin tun asuba suke fita neman ruwa, sai rana ta take su dawo. In aka cike, sarwis ba zai sake waiwayarsu ba.

Mushe ya zo, ya duƙa kan dutsen ya daɗe. Ya yi bayani ina fassarawa. Ya ce tsuntsun ya mutu tun babu ɗan Adam a duniya, zamanin wasu dabbobi masu kamar ƙadangare da suka fi giwa girma. Irinsa ya ƙare. Wurin nan a lokacin bakin tafki ne, laka ta rufe shi ta zama dutse. Maigari ya ce maganar Nasara ce.

Akwai wata tsohuwa, Inna Hajo, da ke kawo mana fura kullum. Ta matso ta ce, "Ɗana, ya ce bakin tafki?" Na ce haka ya ce, Inna. Ta shafa dutsen da yatsa. "Wayyo, bawan Allah. Ruwa ya zo sha." Ta juya wurin maigari. "Ranka ya daɗe, wannan ɗan abin wa zai cuta? Ni zan fara sha. In na mutu, dama na kusa."

Aka yi dariya, maigari ya ce to a ci gaba. Da muka cim ma ruwa, ita ta sha gugan farko a gaban kowa. Mushe ya riga ya shirya akwatin da zai aika da dutsen ƙasarsu. Ta ce ya dakata, ta tsoma hannu a ƙwarya, ta ɗiga ruwa a kan ɗan bakin tsuntsun.

"Ya daɗe da ƙishi," ta ce. Mushe ya cire hularsa. Ni kam sai da na share ido.

Tun daga ranar, duk garin da aka tura ni, kafin in kafa igiya sai na fara zuwa gaida tsofaffin matan da ke ɗibar ruwa. Mu muke haƙa rijiya, amma su ke yanke ko za a sha.