Takardun Habu da Tsiren Sale

Idan aka gama cirar auduga a ƙauyenmu na gefen Gozaki, sanyi ya sauko, ɗakin Iya Lami ne matattararmu. Ita ta haifi babanmu. Da an ci tuwo an wanke hannu, sai ta kakkarya busassun itatuwan auduga ta hura wuta a tsakar ɗaki, ta binne dankali a toka, mu kuma jikoki mu kewaye ta muna miƙa tafin ƙafa. A gidan masu addinin gargajiya aka haifi Iya, sai da ta yi aure ta musulunta, kuma tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa da an ba wa wani haƙuri. A bakinta, duk wanda ya ci zali sai ya ɗanɗana kuɗarsa kafin mu tashi.

Ina aji shida na firamare yayana Habu ya fara koya mini zane. Yana jan babur mai ƙafa uku a Funtua, can ya saba da katun ɗin Japan da ake kira anime, masu manyan idanu da gashi tsaitsaye. Yana kallo a waya, yana kwaikwaya a takarda idan babu fasinja. Duk sa'ad da ya zo gida sai ya kawo mini abin da ya zana, ya zaunar da ni a gindin rumbu.

“Rabi, fara da da'ira,” in ji shi. “Ja layi tsaye, ja wani kwance a ƙasa da tsakiya kaɗan. Kan wannan idanu za su zauna. Ki bar ɗan farin ɗigo a ƙwayar idon, idan kika cike shi kin kashe mutumin.”

Gashi kuma ya ce kada in bi shi sili-sili, in tara shi kamar ganyen masara. Nakan goge takarda har ta huje. Yatsu sun gagare ni, don haka duk wanda na zana sai in ɓoye masa hannaye a baya, Habu ya yi ta dariya yana tambaya ko ɓarayi nake zanawa da kowa ke ɓoye abin da ya ɗauko.

A wannan damina babbar mota ta bi ta kansa a hanyar Funtua. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Kayan sawarsa aka rabar. Ni abin da ya rage mini takardun nan ne, na jera su a tsohon kwali ƙarƙashin gadon Inna, kullum in ciro ɗaya in kwaikwaya.

Akwai Sale, ɗan ƙanin babanmu, gida ɗaya muke. Tsire yake sayarwa a bakin kasuwa. Wata ranar kasuwa ina dawowa daga makaranta na ga wata mata ta yar da takardar da ta gama cin nama a ciki. Na sunkuya, sai ga ido ɗaya yana kallona, babba, da farin ɗigonsa, mai da yaji sun jiƙa shi. Hannun Habu ne. Na ruga wajen tukubar Sale. Ga kwalina a ajiye kusa da ƙafarsa, ya kusa ƙarewa.

“Yaya Sale, na Yaya Habu ne!”

Bai ma daina juya nama ba. “Na sani. Takarda ce ta yanke mini. Waɗannan masu idon mujiya me za su tsinana miki? Ai gara su yi amfani.”

Ya yagi wata a gabana, ya naɗe wa wani tsire. Mutanen da ke tsaye suka yi dariya. Da na kai ƙara, babanmu cewa ya yi ɗan'uwana ne, takarda kuma takarda ce, in yi haƙuri.

Da yamma na ƙi tuwo. Na shiga ɗakin Iya na zauna can bayan kowa. Ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta gyara itace.

“To, ga wata tatsuniya tana sallama,” ta ce.

Yara suka ce, “A shigo da ita.”

Wai an yi wata yarinya da uwarta ke zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Uwar ta rasu ta bar mata ƙwarya ɗaya tak, wadda ta fi kowace kyau. A garin akwai wani ƙato mai fito, yana haye da mutane rafi. Wata rana yarinya ta riga shi ɗibar ruwa, sai ya sa ƙafa ya take ƙwaryar, ya ce ai duma ne, gobe ma wani zai fito. Yarinya ta kwashe sakaina ta nufi wata tsohuwar kuka inda aljana ke zaune, ta ce a rama mata.

Nan Iya ta shaƙe murya irin ta aljana. “Zan rama miki. Amma ban san shi ba. Zana mini shi a ƙasa.”

Yarinya ta zana kai da ido da baki. Aljana ta leƙa ta ce, “Wannan ai kowa ne. Idan na aika bala'i a kan wannan, ta yiwu ubanki zai samu. Koma ki dube shi.”

Ta koma. Ba abin da ta tsana kamar ganin fuskarsa, amma kullum tana laɓe a cikin ciyawa tana kallo. Ta ga kunnensa ɗaya a tsage yake. Ta ga idan zai yi ƙarya yana sosa haɓa. Ta ga idan matan Fulani suka ba shi ƙoren nono ya haye da su, yakan juya baya ya kurɓa, ya cike da ruwan rafi. Ta sa ƙarfen uwarta a wuta, ta yi ta ɓata ƙore tana sake wasu, har ran da ta fitar da shi sak, baki cikin nonon mutane. Da aljana ta gani ta yi dariya har bishiyar kukar ta girgiza.

“Me kuma za ki yi da ni?” in ji aljana. “Kai ta kasuwa.”

Kafin wata ya mutu babu gidan da ba a shan fura a ƙwarya mai fuskarsa. Ya tattara ya bar gari, amma duk inda ya sauka sai ya tarar ƙwaryar ta riga shi isa.

“Na sauke ta nan,” in ji Iya. Ta tono dankali, ta ɓare, ta miƙo mini ta saman kawunan yara. Da na karɓa ta riƙe yatsuna ta ce a hankali, “Ba ta ƙara masa ko tsinke ba, kin ji? Abin da ya yi shi ta zana.”

Washegari na gwada zana Sale, na ga abin da aljana ta gani. Duk fuskokina iri ɗaya ne: haɓa mai tsini, hanci kamar ɗigon tawada, ba mai kama da mutanen garinmu. Ashe kwaikwayon Habu kawai na iya, shi ma yana kwaikwayon waya. Dole na fara daga farko. Na riƙa tsintar takardun buhun siminti ina yankawa. Na zauna a rumfar mai kayan miya da ke kallon tukubarsa, kamar ina jiran aike. Na ga kan Sale ba da'ira ba ne, ya fi kama da tulu, faɗi a ƙasa. Na koyi faɗaɗa hanci ba tare da salon ya ɓace ba, na koyi giɓin haƙoransa da yadda hularsa ke karkata hagu. Idanun na bar su manya, amma na runtse su daga sama na ƙanƙanta ƙwayar, kamar yadda ake yi wa mugu a katun.

Yatsun da nake gudu kuwa, su ne kan gaba, domin laifin Sale a hannunsa yake. Yakan lashe babban yatsansa ya mayar cikin kwanon yaji. Idan tsinke ya faɗi ƙasa, sai ya waiga, ya ɗauka, ya hure, ya mayar kan wuta. Na zana hannuna na hagu har na gaji da ganinsa. Idan na kai wa Iya ta duba, takan kawo takardar kusa da wuta ta ce, “Wannan ai Malam Audu mai shayi ne. Kar ki ja wa bawan Allah.” Ran da ta kalla ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta, na san na iso.

Na raba labarin gida-gida a babbar takarda, yadda ake jera hotuna a littattafan katun ɗin Japan: ga shi yana lasa, ga tsinke a ƙasa kusa da kashin awaki, ga shi yana waige da ƙaton ɗigon gumi a goshi, ga shi yana miƙa wa mai saye yana washe giɓi. Ban rubuta suna ba. Ranar kasuwa da sassafe na dama garin rogo na manna ta a bangon da ke fuskantar tukubarsa.

Kafin azahar wurin ya cika. Ina jin wani yana cewa, “Wallahi Sale ne! Dubi hular!” Wata mata ta ce ita ma ta taɓa ganin ya yi haka, ta ɗauka idonta ne. Sale ya ture mutane ya yage takardar, amma samari sun riga sun ɗauka a waya. A ranar, da namansa ya koma gida. Daga nan sunansa ya zama Lasau, har a bakin tsofaffi.

Babanmu ya ciro bulala. Iya ta fito da sandarta ta tsaya tsakaninmu.

“Nuna mini ƙarya ɗaya a ciki, ni da kaina zan riƙe maka ita. Ran da ya naɗe nama da zanen hannun ɗanka mamaci, ina bulalar take?”

Babanmu ya juya ya shige turaka. Kafin damina Sale ya kwashe tukubarsa ya koma Funtua, sunan kuma ya bi shi.

Yau da zane nake ci, littattafan yara nake yi wa hotuna. Iya ta daɗe da rasuwa. Na sha jin masu cewa da ta lallashe ni na yafe da ya fi, ni kuwa har yanzu ban ga haka ba. Duk gidan nan ita kaɗai ta yarda an cuce ni. Ba ta ce in huce ba, ba ta kuma bar ni in je in watsa masa ƙasa a nama a yi mini duka a banza ba. Ta sa na zauna na kalli mutumin da na tsana har na san shi fiye da uwarsa, kuma da wannan kallon nake zana kowa yanzu, har waɗanda nake ƙauna. Takardun Habu dai ba su dawo ba, shi ya sa idan muka haɗu da Sale a biki gaisuwa ce kawai, ba na ƙarawa.

Bara 'yarsa ta fari ta same ni a wajen wani suna, tana ɓoye waya a mayafi. Ta ce, “Anti Rabi, ina son in koyi zane, amma Baba ya ce kada ya ga fensir a hannuna.”

Na buɗe jaka na ba ta duk waɗanda ke ciki, har da abin fiƙewa. Na ce ta zo Malumfashi, inda nake zaune yanzu, duk hutu, kuɗin mota a wuyana.