Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Kafin rana ta fito Mushe Mutari, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya riga ya iso lakwal, makarantar da yake shugabanta. Zai zagaya azuzuwa ukun nan na laka, ya leƙa randa ya ga ko an cika ta, ya kori awakin da suka kwana a gindin bango, sannan ya buga ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin itacen bedi. Shekara goma sha huɗu yana haka a Garin Jatau, wani ƙauye can bayan Kanan-Bakashe, kuma bana ya ajiye alli.

Da ya zo, ba wanda ya yarda da son ransa ya zo. Mutumin da ya riƙe babbar makaranta a Yamai, inda ƴaƴan jakadun ƙasashe ke karatu, a sauke su a mota a ɗauke su a mota, me zai kawo shi nan? Aka yi ta raɗa cewa laifi ya yi sojoji suka jefo shi. Ashe shi ya rubuta takarda ya roƙa. Da Biba mai dafa wa ƴan lakwal abinci ta ji haka, sai ta riƙe baki ta ce lalle boko na taɓa kai.

Daminar 1984 ta wuce ba ta bar komai ba. Gero ya bushe bai kai gwiwa ba, shanu suka zube. Murhun da ke hayaƙi kullum a garin na Biba ne kaɗai, don ana aiko wa lakwal garin masara da madara, bisa sharaɗi ɗaya: sai yaron da aka rubuta sunansa. Rubutawa kuwa sai an shekara bakwai. To wa ke da takardar haihuwa? Yadda aka saba, yaro zai ɗaga hannun dama ya ratso da shi ta tsakar kai. In yatsunsa suka taɓo kunnen hagu ya isa shiga, in ba su kai ba ya koma wurin uwarsa.

Iyayen da a da ke ɓoye ƴaƴa cikin rumbu in an zo ɗiban ƴan lakwal, su ne suka cika ƙofa. Biba tana dama kunu tana satar kallo. Aka turo wani ɗan mitsitsi wanda hannunsa da ƙyar ya wuce tsakar kai. Mushe Mutari ya ɗora nasa hannun bisa na yaron kamar mai gyara masa, nasa yatsun suka taɓa kunnen, ya ce, "Ya kai." Ya rubuta. Saura kaɗan muciya ta suɓuce wa Biba. Wannan fa mutum ne mai tsayar da yaro a rana in ya yi ƙaryar ciwon ciki!

"Mushe, na hwa gani," in ji ta bayan an watse.

"Mi kika gani?"

"Hannunka ne ya kai."

"Ƙara ruwa a tukunya, Biba."

Tamanin da uku ya rubuta ta wannan hanya. Ba a yi wata biyu ba wani ya kai tsegumi. Zamanin soja ne, buhun taimako ɗaya ya bi wata hanya sai mutum ya kwana a kaso. Wata Talata da hantsi, yara sun yi layi da kwanukansu, sai ga motar soja. Wani matashin hafsa mai muƙamin liyetna ya diro, ya bi layin da ido, ya tsaya a kan Hawwa, ɗiyar Rabo makiyayi, wanda shanunsa suka ƙare tas.

"Ke, kama kunne."

Ta ɗaga hannu. Bai kai ko kusa ba.

"Darakta, shekarunta nawa?"

Biba ta shiga addu'a a zuci Allah ya sa ya yi ƙarya. Garin nan kaf a shirye yake ya rantse masa. Rabo har ya buɗe baki zai ce bakwai.

"Huɗu," in ji Mushe Mutari. "Kuma irinta tamanin da uku ne. Ni na rubuta su, ba mai gari ba, ba iyayensu ba."

Biba ba ta gama jin wannan ba Mushe Mutari ya zare ludayi daga hannunta ya miƙa wa sojan.

"Ga shi, liyetna. Doka na hannunka. Raba musu, wanda bai isa ba ka tsallake shi."

Wata tsohuwa ta saki salati. Sojojin da ke cikin mota suka gyara riƙon bindiga. Liyetna bai karɓi ludayin ba. Ya daɗe yana duban kwanukan, sannan ya ce a jefa darakta a mota. Game da tukunya kuwa bai ce uffan ba, ko mantuwa ya yi ko da gangan, Allah masani. Biba ta tsinci ludayinta a ƙasa ta goge da zane, ta zuba wa kowa.

Kwana goma sha tara ya yi. Ya dawo bisa amalanken jaki, an aske masa kai ƙwal, rigarsa ta yi masa yawa. Abin da aka yi masa bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma daga ranar ƙarin girma ya ƙare masa. Bai shiga gidansa ba, murhu ya nufa.

"Sun cika, Biba?"

"Biyu babu, Mushe. Sale da A'i ƙarama. Ƙyanda ta shigo gari."

Ya zauna daɓas a ƙasa a gaban yara da manya, ya yi kuka da sauti. Biba ta ce a ranar ta fi tsorata fiye da ranar sojoji.

Mushe Mutari, kai ne ka baro ƴaƴan manya ka zo ka ara wa ƴaƴan talakawa hannunka. Kai ne ka ƙi bari gari ya rantse a kan ƙarya don ka tsira. Uban marasa takarda, mun gode, Allah ya saka maka da abin da ba mu iya ba. Ku kuma da kuke riƙe da alli ko biro a yau, in doka ta haɗa ku da yaro mai yunwa, ku tuna an yi wani mutum a Garin Jatau.

A taron sallamarsa mai gari ya miƙe ya ce ga wanda ya ceci rai tamanin da uku. Jama'a suka ɗauki tafi, mata na guɗa. Mushe Mutari ya dogara sandarsa ya tashi, ya jira har wurin ya yi tsit.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "tamanin da ɗaya."