Huci a gindin randa

Jama'a! Jiya na kwaɓa kullun burodi mai tsami, da lawashi da tattasai, na zuba a roba na aje a gindin randa kar zafin Diffa ya lalata shi. Da hantsi na ji huci, fssss! Ga jaririyata kwance kusa. Na ƙwala wa maƙwabciyata Ya Falmata kira. Ta leƙo ta ce, "Haba Hadiza, kullunki ne ya kumbura!" Muka yi dariya. Na ɗauke robar. Hucin bai daina ba. Kububuwa ce naɗe cikin damshin! Ya Falmata ta suri yarinyar, mijinta ya rugo da sanda. Wallahi sau uku na zura hannu wurin nan da safe, ina duba kullu!